Layi Ɗaya da Ka Goge

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar taki? Ranar Laraba za mu karɓi sababbin ɗalibai a sashenmu na nazarin ƙwayoyin gado. Don Allah ki zo ki ba su shawara kan wannan aiki, tunda ke kika koyar da rabinmu. Minti ashirin kacal.

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi.

Na karanta maƙalarku a mujalla. Sunaye tara, har da na wanda bai san inda ake kunna babbar kwamfutar sashen ba. Nawa babu. Shekara uku ina rubuta manhajar da ta tace bayanan jinin mutum dubu biyu, kai kana yawon taro da kwat. Ka kuma san kwamiti zai zauna ƙarshen wata, duk ma'aikacin da ba shi da maƙala a bana sallama ce. Wace shawara kake so in ba yaran mutane?

Yayarka

Yaya,

Allah ya huci zuciyarki. Wallahi kuskure ne wajen cike fom ɗin mujallar, cikin gaggawa aka yi. Ni kaina sai da ta fito na lura. Zan duba abin da za a yi.

Auta

Dakta, tunda haka suke kiranka,

Ina gaisuwa. Bar rantsuwa, kada ka ƙara wa kanka zunubi.

Mujallar ta wajabta a saka manhajar a intanet, ka saka. Amma ka ɗora ta da tarihinta gaba ɗaya, wanda ke nuna wa ya canza me, a wace rana. Sau nawa na ce ka zauna ka koyi wannan, ka ce aikin ƙananan ma'aikata ne? Na buɗe na duba. Layi dubu huɗu da ɗoriya, duk hannuna. Naka guda ɗaya ne tak: kwana biyu kafin a aika maƙalar ka shiga ka goge layin farko, mai ɗauke da sunana.

Ni na goya ka, ni na roƙa aka ɗauke ka a sashen nan. Ko satar ma ba ka iya ba.

Yayarka

Yaya,

Barka da war haka. Sunan mahaifinmu ɗaya. Da naki ya fito kusa da nawa, kowa zai ce Yaya ce ta yi masa, kamar yadda ake faɗa tun ina firamare. Idan edita ya ga tarihin nan, janye maƙalar zai yi, ni ma aikina ya tafi. Ki bari sai baɗi, sunanki zan sa farko. Kuma don girman Allah kada Mama ta ji, kin san hawan jininta.

Ƙaninki mai neman gafara,
Auta

Auta,

Ina gaisuwa. Baɗi ba ni da tebur a sashen, balle suna.

Na aika wa edita tarihin manhajar da safiyar nan, kwafi kuma ga kwamiti. Mama ta riga ta ji, daga bakina, bayan ta sha maganinta. Tambaya kawai ta yi ko kana cin abinci.

Allah ya shirye ka.

Yayarka