Ba a Dariya Sai da Zuhra

Matameye, watan Nuwamba

Zuwa ga maigidana, Baban Zuhra,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata ka sauka Kano lafiya, ka kuma tarar da teburin shayinka yadda ka bar shi bara. Yaya gajiyar hanya, yaya kasuwa? Mu nan lafiya lau muke, sai kewarka. Inna tana sa maka albarka, ƙafarta ta yi sauƙi. Gero duk ya shiga rumbu.

Na rubuto ne in ba Cha'ibu direba ya kawo maka, don a waya ba ma samun magana. Kai kana fama da masu jiran shayi, ni kuma Inna na gefena tana faɗa mini amsar da zan ba ka.

To, ka nemi wuri ka zauna. Zuhra ta shiga lakwal, makarantar boko.

Na san ka ce a bar ta a gida kada yara su mai da ita abin wasa, kuma Allah ya sani ban tsallake maganarka ba. Wata sabuwar malama ce da aka kawo daga Kurni, Madam Sadiyya, ta zo sayen ƙuliƙuli wurina, ta tarar da Zuhra a tsakar gida tana zana kaji a ƙasa da tsinke. Ta yi mata magana, ba ta juyo ba. Na gaya mata tun sanƙarau ɗin da ta yi tana 'yar shekara huɗu kunnuwanta suka tafi, maganar ma sai 'yan kalmomin da ta riƙe. Sai Madam ta tsuguna, da atamfarta mai kyau, ta zana zakara kusa da kajin. Wallahi zakaran nan ya fi kama da tunkiya. Zuhra ta dube shi, ta dube ta, ta sa tafin hannu ta share, ta zana mata na gaske. Madam ta yi dariya ta ce, “Yarinyar da ke gyara wa malama aiki, zaman me take yi a gida?”

Ashe Inna na ji daga ɗaki. Washegari da kanta ta shirya ta, ta kama hannunta zuwa wurin shugaban lakwal, Malam Zainulabidin, wanda ake ce wa Mushe da Faransanci. Na tuna mata cewa ka hana. Ta ce, “Ni na haife shi. In ya dawo ya zo ya hana ni.”

An zaunar da ita a gaba, kuma Madam ba ta magana sai ta juyo fuskarta inda Zuhra za ta ga bakinta. Akwai wani abu da take yi da ya ba ni sha'awa. A bakin aji ta ajiye ƙorai uku, fara da baƙa da ja. Kowane yaro yana da tsakuwarsa. Da safe in cikinsa fari ne ya jefa a farar, in yana da damuwa a baƙar, in ransa a ɓace yake a jar. Wanda ya jefa a baƙa ko a ja, Madam za ta nemi lokaci ta ji abin da ke damunsa. Wannan ko ba kunne ana gane shi, kuma Zuhra ta riga wasu ma ganewa.

Yanzu ita ke tashina da asuba. Kada ranka ya ɓaci, don Allah. Da ka ga yadda take rungume da allonta, da ba ka ce komai ba.

Ka gaida abokan zama. Allah ya ba da kasuwa.

Taka,
Basira

Matameye, watan Janairu

Zuwa ga maigidana, Baban Zuhra,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, ina fata sanyin bana bai taɓa maka ƙirji ba. Mu duk lafiya. Saƙonka ya iso, mun gode, Allah ya ƙara buɗi. Na kuma ga inda ka ce tunda Inna ce ta kai ta ba ka da ta cewa, amma ranka bai kwanta ba. To, yau labarin da zan ba ka rabinsa dariya ne, rabinsa kuwa ya hana ni sukuni.

Zuhra ta fasa wa Mariyama, 'yar maƙwabciyarmu Habsatu, leɓe da allo.

Da aka aiko na je, na tarar da ita a lungun aji tana huci. Ta kwashe tsakuwoyin yara gaba ɗaya ta juye a jar ƙwarya, wai don a san girman fushinta. Na ɗauka Madam za ta sa bulala, har na shirya ƙara mata a gida. Sai ta zaunar da su biyun a gindin dogonyaro, ta miƙa wa Zuhra alli. Zuhra ta zana yara bakinsu a buɗe suna dariya, ta zana kanta 'yar mitsitsiya a tsakiya, ta nuna Mariyama a kan ita ta fi kowa buɗe baki.

Mariyama tana kuka tana rantsuwa ba Zuhra suke yi wa dariya ba. Ka san ajinsu rumfa ce da aka kewaye da zanar ciyawa. Ashe akuya ce ta huda zanar daidai bayan Zuhra, ta zuro kai tana cin mayafin Madam da aka rataye. Yara suka fashe da dariya suna kallon wajen, ita kuwa ba ta ji komai ba, ba ta ga komai ba, sai bakuna a buɗe ana kallonta.

Madam ta ce Mariyama ta nuna wa Zuhra abin da ya faru. Yarinyar nan, da leɓenta a kumbure, ta durƙusa ta zama akuya, ta kama gefen ɗankwalina tana tauna tana lumshe ido. Zuhra ta yi dariya har ta kwanta a ƙasa. Can kuma sai ta tashi, hawaye suka zubo. Ta kama hannun Mariyama ta ɗora a ƙirjinta. Ba wanda ya ce ta ba da haƙuri, ita ta ga ya kamata.

A ranar yaran suka kafa doka da kansu: ba a dariya a ajin nan sai an nuna wa Zuhra abin dariyar. Ita kuma Madam ta koya mata, in ba ta gane ba ta taɓa kafaɗar na kusa ta buɗe tafin hannu, ma'ana “mene ne?”, kafin ta ɗaga allo.

Yara sun shirya, saura manya. Habsatu ta zo ƙofar gida ta wanke ni tas, na yi ta ba ta haƙuri don da gaskiyarta, jinin 'yarta aka zubar. Amma ta bi gida-gida tana cewa kurma tana ja wa aji baya, ga duka, a kai ta makarantar irinsu a Damagaram. Wa muke da shi can da zai riƙe mana ita? Mushe ya kira taron iyaye, kuma abin da aka yanke shi za a yi. Zuhra ba ta san da maganar ba. Kullum sai ta wanke allonta ta jingine.

Ka taya mu da addu'a. Inna tana gaishe ka.

Taka,
Basira

Matameye, watan Fabrairu

Zuwa ga maigidana, Baban Zuhra,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke. Takardarka ta zo, inda ka ce in cire Zuhra tun kafin a kore ta a gaban jama'a. Na fahimce ka, ba ka son a wulaƙanta maka 'ya. Sai dai motar Cha'ibu ta lalace a hanya, takardar ba ta iso ba sai bayan an yi taro an watse. Ban taɓa gode wa Allah a kan lalacewar mota ba sai wannan karon.

Ga yadda aka yi. Iyaye sun cika, maza gefe mata gefe. Habsatu ta yi magana, wasu suka mara mata baya. Ni ko ɗaga kai ban iya ba. Da aka ba Madam dama, sai ta fito da auduga ta rarraba, ta roƙi kowa ya toshe kunnensa ya kuma danne da hannu na ɗan lokaci. Aka yi ta gunaguni, amma aka yi. Sai ita da Mushe suka koma gefe suna magana ƙasa-ƙasa, su dubi Alhaji Rabi'u shugaban iyaye, su yi dariya, su sake dubansa.

Kai ka san Alhaji Rabi'u. Nan da nan ya fara gyara hula yana duba rigarsa. Bai jima ba ya fizge audugar ya miƙe ya ce, “Me kuke faɗa a kaina?”

Mushe ya ce, “Allah ya ba ka haƙuri, Alhaji. Labarin akuyar da ta ci mayafi take ba ni.”

Sai muryar Inna daga bayan mata: “Alhaji, da akwai allo a hannunka, da yau Mushe ya kwana ba leɓe!”

Maigida, taro ya rushe da dariya. Alhaji da kansa ya zauna yana share ƙwalla. Na saci kallon Habsatu, ta rufe baki da mayafi kafaɗunta na rawa.

Madam ba ta ɓoye komai ba. Ta ce gaskiya ne wani lokaci sai ta maimaita darasi saboda Zuhra, amma maimaicin ya amfani yara da yawa masu kunne lafiya waɗanda kunya ke hana su cewa ba su gane ba. Ta ce yaron da ya koyi tambaya kafin ya yi fushi, ya kuma koyi lura da wanda aka bari a baya, ya koyi abin da zai yi masa amfani har gidan aurensa da wurin sana'arsa.

Habsatu ta tashi ta ce ita dama ta gaji, don Mariyama ta ce in aka cire Zuhra ita ma ta bar lakwal, kuma tun jiya take jefa mata tsakuwa a jar roba a gida. Aka yanke Zuhra ta zauna. Mutum ɗaya ne bai yarda ba, ya nemi a sauya wa ɗansa aji, aka sauya masa.

Wannan shi ne abin da jama'a suka ce, amma kai ne ubanta. In har yanzu kana kan bakanka, ka aiko, zan bi, ko da raina bai so ba. Ina roƙonka dai ka kwana da maganar kafin ka amsa.

Allah ya tsare mana kai.

Taka,
Basira

Matameye, watan Afrilu

Zuwa ga maigidana, Baban Zuhra,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da begen ganinka, yaya zafi, yaya jama'ar Kano? Nan ma rana ta buɗe sosai, amma lafiya lau. An fara sharar gona.

Jakar makarantar da ka aiko ta iso. Ba ka rubuta ko kalma ɗaya ba, amma na karanta amsarka. Allah ya saka da alheri, ya bar mu tare. Zuhra da ita take kwana.

Ta iya rubuta sunanta da na Mariyama, lissafi kuwa tana cikin na gaba. Ba kullum ne fari ba, ran nan ta dawo tana kuka don an yi waƙa ita tana zaune. Madam ta ce tana neman dabara, har ta fara zuwa Damagaram lokacin hutu tana koyon maganar hannu wurin masu koyar da kurame. Abin da ta koyo ta koya wa aji, Mariyama ta kawo mana gida. Habsatu ma ta iya, don a wurin injin markaɗen gyaɗa, inda ƙara ke hana mu jin juna, da hannu muke magana yanzu. Har gulma ta iya yi da shi.

Da hannun nan na gano abubuwan da ban sani ba game da 'yarka. Ba ta son kunun tsamiya. Tana tsoron raƙumi. Alewar da kake kawo mata kuwa rabar da ita take yi, ita fensir masu launi take so.

Ta kuma raɗa wa kowa suna. Mushe, sai ta shafa tumbi. Ni, ta murza tafin hannu kamar mai mulmula ƙuliƙuli. Inna kuwa, ta haɗa yatsu tana buɗewa tana rufewa kamar baki. Inna ta tambayi ma'anarsa, na ce mata “mai hikima” ne. Kada ka tona ni.

Na tambaye ta naka. Sai ta saɓa jaka a kafaɗa, ta juya baya.

Na yi dariya a gabanta, amma da na shiga ɗaki sai da na yi hawaye. Ba laifinka ba ne, neman abincinmu kake yi. Na kuma san tun da ciwon nan ya same ta, in ka dube ta tausayi ke rufe maka baki, sai ka shafa kanta ka wuce. To yanzu akwai hanya, kuma ba ta da wuya, tunda Inna ma ta koyi “zo ki ci” da “Allah ya yi miki albarka”.

Na ce mata ta sake maka wani sunan. Ta ƙi. Ta nuna mini cewa ba a raɗa wa mutum suna sai an zauna an kalle shi da kyau an ga abin da ya fi yi. Saboda haka bana kada ka jira sai ruwa ya sauka. Ka dawo da wuri, ka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ka zauna ta kalle ka. Sai dai ka kula da abin da za ka riƙa yi a gabanta, don sunan da ta raɗa, duk unguwa ke ɗauka.

Kowa yana gaishe ka. Allah ya kawo mana kai lafiya.

Taka har kullum,
Basira