Gwangwanin da Aka Tono a Bayan Aji Biyu

Jummy Matiyu,
Malamar Turanci, Aji Biyu na Ƙaramar Sakandare,
Layin Rijiya, Manawashi,
Gombe.
Litinin, 20 ga Oktoba, 2025.

Zuwa ga:
Alhaji Suhaibu Hamman,
Shugaban Kwamitin Amintattu,
Makarantar Al'umma ta Tsintsiya,
Shamaki, Gombe.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: DAKATAR DA NI DAGA AIKI BISA ZARGIN BINNE ASIRI, DA TAKARDAR NEMAN AFUWA DA AKA CE IN SA WA HANNU

Ina gaishe ka gaisuwar ma'aikaciya ga shugabanta, tare da fatan kai da iyali kuna lafiya. Ni ce mai suna a sama, kuma shekarata tara ina koyar da Turanci a wannan makaranta. Ranar Laraba, 15 ga Oktoba, shugabar makaranta, Hajiya Su'ad, ta dakatar da ni. Ta haɗa ni da wata takarda, ta ce in sa hannu kafin Juma'a, 24 ga wata, in amsa cewa na binne mugun abu a harabar makaranta, in ba haka ba a sallame ni. Ga ƙorafina dalla-dalla.

1. Da farko ga abin da ya faru. A makon farko na zangon nan na ba ɗalibaina arba'in da uku insha'i a kan gidajensu. Da na zauna dubawa sai na tarar kalma ɗaya ce ta cinye takardun kaf, wato "good". Uwa "good", tuwo "good", wuƙar mahauci "good", damina "good", har telan unguwa "good". An lafta wa kalmar kaya kamar keken haya mai fasinja goma. Yallaɓai, babu yaron da zai yi wa Hausa wannan rowa. Zai ce uwa mai kirki, tuwo mai daɗi, wuƙa mai kaifi, damina mai albarka, tela gwani. Turanci ma yana da nasa: "kind" ga uwa, "tasty" ga tuwo, "sharp" ga wuƙa, "skilful" ga tela. Yaran sun san yawancinsu, lalaci ne kawai yake mayar da su ga guda ɗaya.

2. Saboda haka ranar Alhamis, 9 ga Oktoba, da ƙarfe sha ɗaya na safe, kowane yaro ya rubuta kalmar a guntuwar takarda, muka zuba a gwangwanin madara, muka haƙa rami a bayan aji muka binne. Muka yi alkawari ba mai sake rubuta ta sai zango ya ƙare. Yara suka yi ta dariya, wasu har da kukan ƙarya. Muka koma aji muka manna babban kwali a bango mai ɗauke da kalmomi talatin da za su maye gurbinta, kowace da wurin da ta dace. Iyakar asirina ke nan, da rana tsaka aka yi shi, a gaban shaidu arba'in da uku.

3. Mai sayar da awara a bakin ƙofa ta hango mu, ta kai wa mataimakin shugaba, Mista Fredrick Danny, labari. Ban ga laifinta ba, abin da ta gani ta faɗa. Laifin na wanda aka kai wa ne. Tsakanin ofishinsa da ajina taku ashirin ne, amma bai taka ya tambaye ni ba. Ranar Litinin, 13 ga wata, ya sa aka tono gwangwanin da shebur mai dogon ƙota, shi kuwa yana tsaye daga nesa da leda a hannuwansa. Ya yayyafa masa man zaitun, Hajiya ta sa aka barbaɗa gishiri, aka kulle shi a kabad ɗin sito. Ina so Kwamiti ya lura da wannan da kyau: har yau da nake rubutun nan ba wanda ya buɗe murfin. An yanke mini hukunci a kan gwangwanin da ba a san cikinsa ba.

4. Wannan darasi yana rubuce a littafin tsarin darasina, shafi na sha huɗu, har da ramin da gwangwanin. A ƙasan shafin akwai sa hannun Mista Fredrick da jan biro, mai kwanan wata 6 ga Oktoba. Ko dai ya karanta ya amince, ko ya sa hannu bai karanta ba. Ya zaɓi wanda ya fi masa sauƙin faɗa a gaban Kwamiti.

5. An tara ɗalibaina an yi musu tambayoyi ba na nan. Dukansu suka faɗi gaskiya baki ɗaya. Sai aka ce ai wannan haɗuwar bakin ita ce shaidar an riga an ɗaure musu harshe. To, Yallaɓai, da sun saɓa a ce ga ƙarya ta fito, da suka daidaita aka ce ga asiri ya ci. Ban san amsar da yaro zai bayar ya tsira a irin wannan shari'a ba. An kuma yage kwalin bango an ƙone, aikin da yara suka yi da hannunsu.

6. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Daga ofishin makaranta aka ɗauki hoton gwangwanin aka watsa a zauren wayar iyaye, da bayanin wai na binne basirar 'ya'yan mutane don in sayar. Ni da nake sayen alli da kuɗina idan na makaranta ya ƙare! Yanzu a Manawashi yara kan tsallaka titi idan sun hango ni. Mai kayan miyar da muka shekara shida muna ciniki ba ta ƙara miƙo mini canji a hannu ba, sai ta ajiye a kan tebur. A majami'a an cire sunana daga jerin matan da za su yi girkin taro, ba tare da an ce mini uffan ba. Mahaifiyata ta bugo daga Kaltungo tana kuka, tana tambayata ko gaskiya ne. Ranar nan na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma na gama kukan, yanzu fushi nake yi. Albashi in ya tafi ana samun wani, sunan mayya kuwa har 'ya'yana zai bi.

7. Na yarda da kuskure ɗaya. Hajiya da mataimakinta a watan Satumba suka zo makarantar nan, ya kamata in same su da baki in yi musu bayani kafin in ɗauki fartanya. A kan wannan a shirye nake in ba da haƙuri, a tsaye, a gaban kowa. Amma takardar da aka ba ni ba wannan ta ce ba. Cewa ta yi na cutar da yara kuma na tuba.

Don haka ina roƙon Kwamiti, cikin ladabi, ya yi abubuwa kamar haka. A fito da gwangwanin a buɗe shi a filin taron safe, a gaban iyaye da malamai da ɗalibai. Idan ba mai ƙarfin halin taɓa shi, ni zan buɗe da hannuna ba leda, yara su zo kowa ya ɗauki rubutunsa. Gani ya kori ji. A janye dakatarwar a rubuce, a mayar da ni ajina. Sannan wanda ya watsa hoton ya koma zauren nan ya warware maganarsa, da sunansa.

Akwai kuma abin da ban faɗa wa Hajiya da mataimakinta ba, don gudun kada su sa a rushe gini. Wannan ba shi ne gwangwani na farko ba, na tara ne. Kowace shekara ajina yana binne kalma ɗaya da sanin tsohon shugaban makaranta. Tsofaffin malamai sun sani sarai, kowa ya kama bakinsa ne don tsoron abincinsa. Gwangwani shida suna bayan aji. Biyu suna ƙarƙashin sabon ofishin da Mista Fredrick yake zaune a ciki tun Satumba, ban kuwa ji ya yi ko ciwon kai ba. Na shekarar 2019, wanda muka binne "nice" a ciki, 'yarka Jamilatu ce ta haƙa raminsa, don ita ce shugabar aji. Yau tana jami'a. Ba na neman alfarma da sunanta, shaida nake kafawa. Ka kira ta ka tambaye ta ko tun ranar ta nemi basirarta ta rasa.

Idan bayan duk wannan Kwamiti ya ga sallamata ce ta dace, zan karɓi takardar in tafi da ƙafata, kaina a sama. Amma ba zan sayi aikina da ƙarya a kaina ba. Ga takardar neman afuwar nan na haɗo da wannan, wurin sa hannun yana nan fari yadda aka ba ni, kuma haka zai kai Juma'a. Sa hannuna ɗaya ne a wannan magana, shi ne wanda yake ƙasa.

Allah ya ƙara girma, ya ba Kwamiti ikon yin adalci.

Taka mai biyayya,

Jummy Matiyu
Malamar Turanci, Aji Biyu