Banilar da Kawu Ya Kira Kauci

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida da sandarta tana yi wa kaji faɗa. Auta ma ta sauka lafiya, an samu mace.

Yaya, ba zan ɓoye maka ba, raina a ɓace yake. Ranar Talata Kawu ya shigo bayan gida da wani mai adda, wai kai ka bugo waya ka ce a sare kaucin da ya naɗe mangwaron Baba kafin ya kashe shi. Kauci! Banila ce fa, wadda ake sa ƙamshinta a kek da askirim, kuma ni na dasa ta da hannuna shekarar da na dawo gida bayan rasuwar Baban Yara. Ba ta tsotson jikin bishiya. Abincinta yana ƙasa, cikin ruɓaɓɓen ganyen da nake tara mata. 'Yan saiwoyin da Kawu ya gani a jikin icen na riƙo ne kawai, kamar yaro ya kama zanen uwarsa. Mangwaron kuwa tsufa ke damunsa, kai ma ka san tun Baba na da rai ya rage 'ya'ya.

Abin da ya fi ƙona min rai, shekara da shekaru nake jira, sai bana ta yi fure. Furen da safe yake buɗewa, kafin azahar ya yi yaushi, shi ke nan ba ya ƙara buɗewa. Ƙudan zuma ma ba su iya haɗa masa garin da zai sa ya yi 'ya'ya ba. Sai mutum ya sa tsinken sakace ya ɗaga ɗan tantanin da ke cikin furen, ya danna da babban yatsa a hankali har garin furen ya manne. In hannu ya goce, an yi asarar wannan furen. Kullum gari na wayewa ina kan tsani, wuyana har ya sage. 'Ya'yan sun fara fitowa, dogaye kamar ɗanyen wake, kuma mai gidan burodin bakin titi ta ce in sun ƙosa na shanya su, ita za ta ɗauka duka.

Ina kan tsanin suka shigo. Kafin in sauko mutumin ya datse rabinta. Na shiga tsakaninsa da bishiyar, tsinke a hannuna, na ce sai dai ya fara da ni. Kawu ya ce maigidan ya riga ya yi magana, ni kuwa zama kawai aka ba ni a nan. Na ce masa a ɗakin can aka haife ni, kuma ban taɓa ganin wanda ya riga ni share gindin mangwaron nan ba. Ya fita yana huci, wai zai dawo ranar Asabar da sabon umarninka.

Na yi kuka, wallahi na yi, ganin 'ya'yanta zube a ƙasa kaji na tsattsaga. Da na gaji na share fuskata, na tattara abin da aka sare, na yanka shi guntu-guntu, don ita da yanka ake dasa ta. Na binne a gindin gwaiba, da gindin lemo, har da turken igiyar shanya. Za su ɗauki shekaru kafin su yi fure, na sani. Ina da haƙurin.

Don haka kada ka ƙara aiko min kowa. Kai ne babba, ban taɓa yi maka musu ba, amma wannan karon ba zan bi ba. In ka ƙudura sai an sare ta, ka hau mota ka zo, ka karɓi addar da hannunka, ka dubi idona sannan ka sara.

Ka gaida min maiɗakinka, da Babban Mutum, da 'Yar Lele, ka ce Gwaggonsu na kewarsu. Inna na sa maka albarka, Auta na gaisuwa. Ka kuma gaya wa Kawu kada ya wahalar da kansa da sallama a ƙofar ɗakina ranar Asabar. Ya wuce bayan gida kai tsaye, a kan tsani zai same ni.

Taka ƙanwar,
Mai Taurin Kai