Ɗingishin Injin Ban Ruwa

Wadi Bawanis, Sabha

Aminina Maazou,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Roukaya da yara. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai gajiya.

Ka tambaya ko har yanzu ina taɓa jita. Ina taɓawa. Ka tuna kaset ɗin rok ɗin nan da ake ce wa progresif, wanda muke saurare a Damagaram lokacin muna orkestar, ƙungiyarmu ta kiɗa? Waƙa ɗaya ta cinye fuska guda ta kaset ɗin, kiɗan yana sauya tafiya ba sallama. Kai makaɗi ka ce ba mai iya rawa da shi. Ni kuwa tun lokacin nake son yin irinsa, na kasa.

A gonar da nake aiki na samu hanya. Injin ban ruwanmu ya lalace, yana ɗingishi: bugu bakwai, ya ja numfashi, wani lokaci biyar. Na ɗaure wayoyin jita daidai da kukansa, kullum bayan la'asar ina bin sa. Na kai rabin kiɗan da nake haɗawa. Ban sani ba ko kiɗa ne ko shirme.

Sai dai ruwa ya ragu. Hajj Abdoul Latif, mai gonar, ya kawo kayan gyara, ni kuma ina ta ce masa ina dubawa. Albasa ta fara kwanciya.

Ka gaida kowa.
Naka,
Yahouza

Aminina Maazou,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya.

Hajj ya zo ranar Juma'a. Bai yi faɗa ba. Ya tsuguna ya murza ƙasa a hannu, ya ce akwai mutane da yawa a unguwar Jadid masu jiran aiki. Na gyara injin kafin magariba.

Na ɗauki sautinsa a waya kafin in kwance shi, amma abin da ke waya kullum iri ɗaya ne, injin kuwa kowace rana da irin tuntuɓensa. Yanzu yana bugawa huɗu-huɗu kamar kiɗan biki. Na gwada ƙarasawa da ka, hannuna yana miƙe kiɗan da kansa. Wataƙila dama injin ne mai basirar.

Idan za ka amsa, kada ka tambaye ni jita. Ka tambaye ni albasa. Ta tashi, ta yi kyau.

Allah ya sada mu da alheri.
Naka,
Yahouza