Iskar da Tahani Ta Ba Ka

Zuwa ga Yaya Muath, sanyin idaniyata, inuwar da nake fakewa idan ranar Jidda ta take tsaka, iskar bahar mai shigowa ta tagarmu bayan la'asar!

Amincin Allah ya lulluɓe ka, tare da gaisuwa mai yawan yashin gaɓar tekun Obhur. Barka da dawowa daga tsibirin Farasan. Kwana biyar ka yi, in ji kalanda. Ni dai a wurina an yi shekara.

Da gangan na rubuta da Hausa. Na san sai ka bi ta a hankali kana motsa leɓe, yadda kake karanta wa Hajiya Kaka saƙon danginta na Kano. To, haka nake so, ka daɗe a kanta. Na biyu kuma, ko da takardar ta faɗa hannun wata, ba za ta gane ko alif ba. Ka san wadda nake nufi.

Ƙanwarka Bayan ce ta nuna min bidiyon a wayarta, baiwar Allah, ba da wata manufa ba. Ya salam! Ruwa garau kamar idon jariri, kifaye ruwan ɗorawa suna wucewa garke-garke, ga kunkuru yana tafiyar ƙasaita. Ga ka nan da tukunyar iska a bayanka, na gane ka duk da gilashin da ya rufe maka fuska, don ko a cikin dubu zan gane ka. Ina murmushi ke nan sai na ga hannu a kafaɗarka yana gyara maka maɗauri. Hannu mai jan farce. Tahani, 'yar ƙungiyarku ta masu nutso!

Ƙanwar taka ta yi ta min bayani, wai ƙa'ida ce: ba a nutso mutum ɗaya, bibbiyu ake shiga, kowa ya duba kayan ɗan'uwansa, kuma ba a rabuwa sai an fito. Na ji, na yarda. Amma ku shida kuka tafi, ya hasken zuciyata. Ina Nayef, amininka tun kuna yawo ba takalmi a lungunan Karantina? Hannunsa ya karye ne? Ko shi bai iya ɗaure maɗauri ba?

Da a nan aka tsaya da na haɗiye. Sai ƙanwar taka ta ƙara da cewa a rana ta uku iskarka ta kusa ƙarewa kuna can ƙasa, Tahani ta miƙo maka bututun ajiyarta, kuka hau sama a hankali kuna shaƙa daga tukunya ɗaya. Nan take na durƙusa. Na yi sujada na gode wa Allah da Ya dawo min da kai. Har ita na yi wa addu'a, Allah shaida, amma haƙorana a cije na yi. Wace irin jarrabawa ce wannan? Wadda nake jin zafinta ita ce wadda ba ni da bakin gode mata! Ni da na ba ka zuciya sukutum, ban taɓa ba ka abin da ya kai numfashi ɗaya amfani ba. Ita ko minti uku kawai ta yi, ta ba ka rai.

Ka tuna ranar da muka taso daga Karantina bayan an shafa wa gidanmu jan fenti, alamar za a rushe shi? Kai ka ɗauki kwalin littattafaina har hawa na huɗu a sabon gidanmu na unguwar Bani Malik, kana haki kana cewa soyayyar da ke cikinsu ta fi firijin Umma nauyi. Na ɓuya a bayan ƙofa ina leƙenka. Ka tuna kuma yammacin da gidajenmu biyu suka fita shan iska a Kornish, bakin teku? Igiyar ruwa ta taɓa bakin abayata, na yi tsalle har balilata, dafaffen waken nan da nake ci a kofi, ta zube. Kowa ya yi dariya, ban da kai. Ka miƙo min taka, ka ce murjanin da ke wuyan Hajiya Kaka yana da 'yan'uwa a ƙarƙashin ruwan nan, a raye, kamar lambu, kuma wata rana ni za ka fara nuna wa. Ni, ka ce. Na rubuta maganar a bangon littafi har da kwanan wata. Yanzu ga lambun ka kai wata ta riga ni gani. Ta yi mamaki? Ta zaro ido? Wannan mamakin nawa ne, Yaya Muath, nawa ne aka ba ta!

A littattafan da nake karantawa, a nan yarinya take yin fushi, ta kashe waya, ta bar saurayi yana sintiri a ƙofar gida. Na gwada. Ban kai azahar ba na kunna.

Ga roƙona, ɗaya ne tak. Ƙanwarka ta ce za ku koma a hutun sanyi, kuma tun yanzu ake rubuta sunaye bibbiyu. Don Allah, don darajar iyayenka, ka sa Nayef kusa da sunanka. Ban ce ka wulaƙanta Tahani ba, ta yi mana alheri. Ka yi mata godiya a tudu, cikin mutane, shi ke nan. Idan na ji sunanta ya sake zama kusa da naka, ba zan yi rigima ba, ka san ban iya ba. Zan dai gane amsar tambayar da kunya ta hana ni yi maka shekara biyu.

Ga kuma abin da ban gaya wa kowa ba. Tun ranar da na ga bidiyon nake cika baho da ruwa ina tsoma fuskata. Ranar farko daƙiƙa tara na yi, na ɗago ina tari kamar kazar da ta faɗa randa. Jiya na kai arba'in da ɗaya. Umma ta same ni a haka, ta ɗauka aljanu ne, ta kama tofa min Ayatul Kursiyyu a ka. Da ƙyar na shawo kan Khala Fatsuma, 'yar'uwar Umma, ta yarda za ta riƙa kai ni wurin koyon iyo na mata duk Asabar. Ni, Ilham, da kumfar teku ta sa na zubar da balila!

Ban san shekara nawa zan ɗauka ba. Tsoro nake ji har yanzu. Amma ka gaya wa Nayef aron wurin aka ba shi, kada ya miƙe ƙafa. Ranar da iyayenmu suka sa albarka, ni zan duba maka maɗauri, kuma idan iska ta sake yanke maka, tawa za ka shaƙa.

Taka jiya, taka yau, taka har numfashin ƙarshe, a tudu ko a ruwa,

Ilham

Idan ka amince, ba sai ka rubuto ba. Ka aiko Bayan da balila ranar Juma'a. Wannan karon ba zan zubar ba.