Layukan Ƙasa Naki Ne

Gidan Ɗorawa, ta hanyar Watari
Watan Yuni

Zuwa ga matata Loveth,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙarfin jiki? Yaya hannun, yaya harshen? Ina fata motsa jikin da ake miki a asibiti yana amfani. Ki gaishe mini da yayanki Joel da iyalinsa, Allah ya saka musu ɗawainiyar da suke yi da ke. Mu nan lafiya lau, sai kewarki. Ruwa ya zauna, gero har ya fito.

Kin ce ba kya son waya saboda nauyin harshe. In na zo Zariya kuma sai ki cusa hannun dama cikin zane, ki kama kallon bango, in gama surutuna in tashi. Shi ya sa na koma takarda. Madu mai motar albasa zai riƙa miƙo miki duk sanda ya bi ta Zariya.

Ga abin da ya faru. Dattawan coci sun zauna a kan piyano. Tun ranar da ciwon nan ya kayar da ke ba wanda ya taɓa shi, yana nan lulluɓe yadda kika bar shi. Cocin Rimin Gado sun roƙa a ba su, su suna da mai kaɗawa. Aka yanke cewa in har ranar godiyar kaka ba a sami wanda zai kaɗa shi a nan ba, a kai musu. Joel ya gaya mini ke ma kin ce a bayar. To, na san ki. Ranar da aka fitar da piyanon nan daga ƙauyen nan, kin sami hujjar zama a Zariya har abada, ki ce ba abin da za ki dawo yi.

Sai kawai na ji ni a tsaye, na ce ni zan kaɗa. Loveth, da kin ga dariya. Inna Hure ta zumuntar mata sai da ɗankwalinta ya zame, wai Shago da ko tafi ba ya iya yi daidai da jama'a. Ban musa ba, gaskiya ta faɗa. Amma bakina ya riga ya furta, kuma Baba Buwai ya ce zai koya mini karatun takardun kiɗanki, tunda ya busa ƙaho a badujalar 'yan sanda kafin ya yi ritaya.

Ki yi dariyar ke ma in kina so, na yafe. Ni dai ina so ki dawo gida.

Mijinki,
Shago

Gidan Ɗorawa
Watan Agusta

Loveth tawa,

Bayan gaisuwa da fatan kina samun sauƙi. Yaya mutanen gidan? Madu ya ce ya same ki zaune a tsakar gida, har kin amsa gaisuwarsa. Na ji daɗin wannan ƙwarai. Nan marka ake yi ba sassauci, shinkafar fadama ta yi kyau, akuyarki mai dogon wuyan nan ta haifi biyu.

Ashe wannan abin kike karantawa duk shekarun nan, ni ina zaton zanen banza ne? Ranar farko da Baba Buwai ya buɗe takardar, ni dai tururuwa na gani sun hau igiyar shanya. Sai ya ce in ɗauka gona ce: layuka biyar kunyoyi ne, tsakaninsu kwari. Kowane ɗigo ko dai a kan kunya aka shuka shi ko a cikin kwari, kuma daga ƙasa ake ƙirgawa a hau. Layin ƙasa sunansa E, in ka hau ɗaya G, haka har sama. Baƙin ɗigo mai wutsiya bugu ɗaya, wanda cikinsa fanko ne bugu biyu. Da ya faɗa haka sai kaina ya ɗauka. Yanzu ko noma nake yi sai in ji ina kiran sunayen kunyoyi, har ma'aikatan gayya sun fara tambaya ko lafiya.

Kai ya gane, yatsu ne suka ƙi. Kin san hannuna, fartanya ta gama da shi. In na nufi maɓalli ɗaya sai biyu su yi kuka. Baba Buwai kuma bai san an yi ritaya ba, da sandarsa yake buga ƙasa yana ƙirga, in na kuskure ya daka mini tsawa kamar ni kurtu ne. Ni da furfurata. Ina haɗiyewa.

Waƙar nan ta kaka da kike so na zaɓa, wadda mata ke shigowa da dammunan dawa suna rerawa. Hannun dama ya fara kama hanya, jiya har wata mata da ke wucewa da tulu ta tsaya ta gane ta. Na tambayi Baba Buwai layuka biyar na ƙasa, na hannun hagu. Ya ce shi mai ƙaho bai taɓa buƙatarsu ba, jeri ɗaya ake ba su, amma ai layi layi ne, in karanta su yadda na karanta na sama. Haka nake yi ni kaɗai in na taso daga gona, kafin batirin fitilar sola ya yi sanyi.

Akwai wata alama da ta ba ni mamaki, wadda ke cewa a ɗaga hannu a yi shiru. Wai shiru ma rubuta shi ake yi, har da tsawonsa. Nan nake yawan kuskure, ba na iya jira. Shirun gidan nan ya ishe ni, Loveth. Ba mai yi mini faɗa a kan takalmi mai taɓo, ba mai rera waƙa a bakin murhu. Takardun nan har yanzu ƙamshin man shafawarki suke yi, wani lokaci sai in buɗe su in kasa karanta komai.

Ki ci abinci sosai. Ina kewarki.

Naki,
Shago

Gidan Ɗorawa
Watan Oktoba

Zuwa ga Loveth,

Ina gaisuwa, ina tambayar jiki. Allah ya ƙara sauƙi. A gaida Joel. Muna cikin yankan gero, ga wake ya nuna, aiki ya yi mana rubdugu.

Yau ba labari mai daɗi na zo da shi ba. Baba Buwai ya ce lokaci ya yi da zan haɗa hannu biyu. Dama ita kaɗai tana tafiya, hagu ita kaɗai tana tafiya, na zauna da ƙarfin gwiwata. Da na haɗa su, abin da ya fito ba shi da suna. Fasto ya leƙo daga gidansa yana zaton yara ne suka shiga coci. Na sake, na sake, duk ɗaya. Baba Buwai ya ce piyanon ne ya sha sanyin damina.

Ban yarda ba. Na naɗe takardar na hau keke har Rimin Gado, wurin malamar nan tasu mai kaɗawa, wato wadda ke jiran a kai mata piyanonki. Ki duba irin abin da kika sa ni. Mutuniyar kirki ce dai, ba ta yi dariya a gabana ba. Ta ce in nuna mata yadda nake karanta layukan ƙasa. Ina farawa ta dafa kai. Ashe ba sunansu ɗaya da na sama ba. Layin da na sani da E, a ƙasa G ne, kowane ɗigo ya gusa. Ta nuna mini alamar da ke bakin layukan, ta sama daban, ta ƙasa daban, ni kuwa duk ado na ɗauke su. Duk abin da na cusa wa hannun hagu tun daga marka, a gonar wani na yi ta shuka shi.

Da na gaya wa Baba Buwai sai ya ce shi dama ya faɗa mini ƙaho ya busa. Ko haƙuri bai ba ni ba. Na gwada gyarawa, amma hannun ya riga ya haddace kuskuren, da na saki ido sai ya koma gidan jiya. Malamar ta ce kafin ya manta ya koyi sabo, godiyar kaka ta wuce. Ga girbi, da kyar nake samun zama.

A hanyar dawowa na sauka daga keken na zauna a gindin wata tsamiya, raina a ɓace. A nan na tuna wata magana da Joel ya yi mini. Ya ce in ana waƙa a rediyo, yatsunki na hagu suna tafiya a kan cinyarki, ke ba ki ma sani ba. Loveth, ciwon dama ya kama, hagunki lafiyarta ƙalau. Ni kuma dama kaɗai gare ni. Bencin nan zai ɗauki mutum biyu in an matsa.

Ba na iya faɗa miki wannan ido da ido, za ki juya mini ƙeya. Ki zo ki riƙe layukan ƙasa, ni in riƙe na sama. Ba sai kin yi magana da kowa ba. Godiyar kakar Lahadi ta biyu ce a watan gobe. Ina roƙonki.

Mijinki mai jira,
Shago

Gidan Ɗorawa
Watan Nuwamba

Loveth,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki? Ina fata sanyin da ya fara bai dame ki ba. Mun kai dawa rumbu lafiya.

Ba ki zo ba. Madu ya ce kin karɓi takardar kin sa ƙarƙashin filo. Ban yi fushi ba, amma ba zan ɓoye miki ba, ranar har aka fara sujada idona na kan ƙofa.

Coci ya cika, har da baƙi daga Zakirai. Da lokaci ya yi na je na yaye zanen na zauna. Na ɗora hagu a kan gwiwa, na fara da dama ita kaɗai. Gumi har cikin idona. Kiɗan ya fito siriri, ba gindi, kamar miya ba gishiri. A baiti na biyu na ɓata, ɗigon ya ɓace mini, na tsaya cak ina lalube da yatsa a kan takarda. Mata suna tsakiyar coci da dammuna a ka. Sai Inna Hure, ita da ta fi kowa yi mini dariya, ta riƙe muryar nan ta ja ta, ta ja ta, sauran suka bi ta, har na gano wurin na shigo. Muka kai ƙarshe tare.

Bayan an tashi dattawa suka zauna. Wasu suka ce an kaɗa, magana ta ƙare. Wasu suka ce rabin kiɗa aka yi. Fasto ya raba gardama, ya ce a bar shi zuwa Kirsimeti, in an ji hannu biyu ya zauna, in ba a ji ba ya tafi. Malamar Rimin Gado ta aiko cewa in riƙa zuwa tana koya mini hagu. Na gode mata, na ce ba zan zo ba. Wurin yana da mai shi.

Ga abin da nake so ki ji. Na san abin da ya hana ki zuwa, ba kya so a ga hannunki a lanƙwashe, a ji harshenki yana sarƙewa, a ce wayyo. To ni, ƙato da ni, na zauna gaban garin nan kaf da hannu ɗaya, na yi kuskure kowa na ji. Ba wanda ya ce wayyo, ba wanda ya yi dariya. Jira suka yi. Da aka fito kuma ba wanda ya ce mini sannu da ƙoƙari, kowa tambayarsa ɗaya, yaushe Loveth za ta dawo.

Matar Fasto ta ɗauki kiɗan a waya ta tura wa Joel. In kin ga dama ki saurara, in ba ki so ki bari.

Ni ne dai,
Shago

Gidan Ɗorawa
Farkon Disamba

Matata Loveth,

Gaisuwa irin wadda ban taɓa yi ba. Yaya jiki? Ni kam yau garau nake.

Madu ya kawo takardarki. A bakin gona ya same ni, ban ko wanke hannu ba na buɗe. Rubutun ya karkace kamar na ɗan aji ɗaya, na gane da hagu kika yi, kuma na san ya ci miki lokaci. Na karanta har na haddace: "Shago, sauri kake yi. Ba ka jiran shirun. Ka lalata mini waƙa. Kada ka ƙara taɓa ta sai na zo."

Wata shida ba ki ce mini uffan ba, da kika buɗe baki kuma faɗa ne. Na zauna a kan kunya na yi kuka, Madu ya juya baya yana duba tayar motarsa da ba abin da ya same ta.

Ya ce ranar Alhamis zai sauke kaya a Zariya ya juyo, kujerar gaba taki ce. Joel ya san da maganar. Ki taho da maganinki da rigar sanyi.

Amma maganar kada in taɓa, ban ɗauka ba. Yau ma zan je, gobe ma zan je, kuma da saurin nan nawa zan kaɗa ta. In kina so a rage, ki zo ki zauna a haguna ki rage da kanki.

Mijinki,
Shago