Kalmar da Ba a Faɗa a Bayan Labule

Hamburg, 4 ga Maris

Zuwa ga aminina Hinnerk,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da 'yarka da jikoki. Yaya gwiwar? Ka yi haƙuri da rubutuna, hannun ya fara rawa, ba kamar lokacin da nake kaɗa muku piyano ba.

Ba lafiya ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Dishewar da matata Gesine ke fama da ita tun Kirsimeti ashe ba mura ba ce. Likita ya ce ciwon daji ne a maƙogwaro. In an yi aiki za ta iya rayuwa, amma muryar ta tafi ke nan. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Ɗan nan, in ka cire wa ƙararrawa harshe, me ya rage? Tukunya."

Ka san halinta. Kai ka fara jin ta a gidan rawar nan na bakin tashar jiragen ruwa, tana 'yar shekara sha tara, ku masu busa kun cika ɗaki da ƙara amma muryarta ta hau kanku. Daga nan sai gidan wasan kwaikwayo, sunanta a saman allo. Da shekaru suka ja aka koma sa ta fitowa a uwar amarya, sannan kakar amarya, daga baya sai jirgin ruwan Oslo, tana yi wa masu cin abinci waƙa babu mai ɗago kai. Har bara tana zuwa gidan tsofaffi ran Lahadi, ina bin ta da piyano, tana hararata wai na yi sauri.

Ba mu haihu ba, Hinnerk. Ba ni da kowa sai ita. Na roƙe ta ta yarda da aikin har na yi kuka a kan teburin kofi. Ta ce, "Tsoho, kukan ma ba ka yi shi a kan kiɗa ba." Don Allah ka rubuto mata, tana jin maganarka. Ta ce in gaida Kumatu, kamar yadda take kiranka, in tambaye ka ko har yanzu kana da iskar hure kyandir.

Ka huta lafiya.

Naka,
Eckhard

Hamburg, 29 ga Maris

Aminina Hinnerk,

Ina gaishe ka, da fatan sanyin nan bai kwantar da kai ba. Wasiƙarka ta iso. Ta karanta, ta ce kai ma ka haɗa baki da ni. Washegari ta sa hannu a takardar yarda da aikin. Ta ce, "Don kai ne. In na tafi, wa zai hana ka fita da safa kala biyu?"

Ran Talata da safe a asibiti aka zo ɗaukarta zuwa tiyata. Ta shafa jan-baki, nas ta ce a goge, ta goge tana ƙunƙuni. Na bi gadon har ƙofar ɗakin tiyata. A nan na yi abin da muka saba kafin a ɗaga labule: na sunkuya ta kafaɗarta ta hagu na ce toi, toi, toi, fatan sa'ar nan na 'yan wasa. Ka san ƙa'ida, wanda aka yi wa ba ya godiya, godiya tana korar sa'a. A Kiel saura kaɗan ta mare ka a kan wannan. Tun muna samari nake yi mata, ba ta taɓa amsawa da komai ba sai ɗaga gira.

Ta riƙe hannuna, ta dube ni da kyau, ta ce, "Na gode, Eckhard." Tar, babu dishewa, kamar ta ɓoye ɗan guntun muryar nan ne don wannan.

Na ce, "Gesine, ki janye. Ki tofar!" Nas ta yi murmushi, ta ɗauka wasan tsofaffi ne, ta tura gadon.

Zuciyarta ta tsaya suna tsakiyar aiki.

Ni ba yaro ba ne, na san kalma ba ta kisa. Amma matar da ba ta taɓa manta baiti ɗaya a kan dandamali ba, ba wannan za ta manta ba. Ina zaune a kicin ina ta juya abin. Ko tsoro ne ya ruɗe ta, ko kuwa ta riga ta san ba sa'a take bukata ba, sallama take yi. In na biyun ne, to ta shiga ɗakin nan tana sane, don kawai na roƙe ta.

Jana'iza ran Juma'a, a cocin unguwarmu. Ka zo ko da 'yarka ce za ta turo ka a keke, ka tsaya kusa da ni. Mutane za su yi ta miƙo min hannu, dole in gode wa kowa, kuma ban san yadda kalmar nan za ta fita daga bakina ba.

Allah ya kiyaye hanya.

Amininka,
Eckhard